Sabis a Murfin Tukunya

Mai askin da ke haya a shagon ƙofar gidan Inna bai taɓa leƙa ajin koyon gyaran komai ba, amma tun ranar da ya kwaɗa wa fankar shagonsa mari ta tashi, ya hana kowa kiransa da wani suna in ban da Injiniya. Mutanen layin suka biye masa don a zauna lafiya. Inna ce kaɗai ta ƙi. Ita har gobe Mai Aski take ce masa, kuma takan ja sunan yadda zai ji shi har cikin ƙashi.

Layin nasu a kwari yake, bayan wasu dogayen benaye, shi ya sa sabis ba ya saukowa, sai dai ya leƙo. Waya takan nuna sanda ɗaya, ka yi atishawa ta ɓace. Mai Wanki, wanda ke shanya a filin gefen gidan, sai ya kifa baho ya hau kafin saƙonsa ya tafi. Mahaucin da teburinsa ke tsallaken kwata kuwa ɗaga wayar yake sama da kai yana zaginta. Mai son tura hoto dole ya taka har bakin babban titi.

Wannan matsalar ce Injiniya ya yi rantsuwa zai kawar, kuma ba don layin ba, don Auta.

Auta ita ce ƙaramar 'yar Inna, tela ce, kekenta na bakin tagar ɗakin da ke kallon tsakar gida. Injiniya ya daɗe yana kai mata riguna a mayar da maɓalli. Ta san shi yake cire su, don yankan almakashi ba ya kama da tsinkewar zare, amma ba ta taɓa faɗa ba. Mayarwa take yi, ta miƙa masa ba tare da ta ɗago ido ba.

To wani babban kamfanin ɗinki na wani gari ya ga hotunan aikinta, ya sa mata ranar gwaji. Ta kiran bidiyo za a yi, za ta ɗinka wuyan riga suna kallon hannunta daga farko har ƙarshe. Masu nema da yawa, kowa kuma sau ɗaya ake kiransa. Auta ta riga ta shirya da mai amalanke zai ɗauki keken zuwa gidan goggonta da ke kusa da titi, inda sabis yake cike.

Da Injiniya ya ji, sai ya dafe ƙirji kamar an soke shi. Ya ce ina aka taɓa ɗora keken gwanar tela a amalanke kamar buhun gawayi, alhali ga injiniya a ƙofar gida? Ya yi mata bayani, Inna na gefe tana tsintar shinkafa, cewa sabis kamar ruwan sama yake: ko'ina yana zuba, mai babban mazubi ne kawai yake tarawa. Shi zai kafa mazubin, ya kwararo mata sabis har kan allurarta.

"Ka tabbata, Yaya?" in ji Auta.

"In bai zo ba, ki aske min kai da almakashinki."

Inna ta ce, ba tare da ta bar tsintarta ba, ita dai fatanta a bar mata gida a tsaye.

Kafin kwana biyu kayan aiki sun haɗu. Ya samo a kasuwa 'yar na'urar nan mai raba intanet, wadda ba ta fi sabulu girma ba. Ya kwance ragar fankar shagonsa. Ya lallaɓi Mai Wanki ya ara masa gorar da ke tallafe da igiyar shanya, bisa alkawarin shi zai fara ɗanɗana sabis. Ya rage mazubi, sai ya bi ta bayan madafa ya ɗauke murfin babbar tukunyar Inna. Ya ɗaure na'urar a tsakiyar murfin da tsohuwar robar taya, ya rufa mata ragar fanka, ya kafa duka a kan gorar, ya jingina ta da katanga, ya ɗaure samanta a jikin katangar, ya ɗaure gindin da igiyar shanyar da kanta don kada ta motsa.

Inna ta fito neman murfi, ta ɗaga kai ta hango shi yana walƙiya a sama da rufin gidanta.

"Mai Aski, murfina ne wancan?"

"Inna, aikin al'umma yake yi yanzu."

"To al'ummar ce za ta zo ta rufe min miya?"

Ya ce mata tarihi zai tuna da ita. Ta ce tarihin ya zo ya kori ƙuda.

Da sanyin safiya ya yi gwajin farko, gari bai gama farkawa ba. Ya kunna, ya haɗa wayarsa, sai ga bidiyo yana zuba kamar an buɗe famfo. Shi kansa sai da ya ja da baya. Bai kawo a ransa cewa duk masu wayar unguwar suna barci ba, hanya ce fayau babu kowa a kanta. Shi murfi ya gani. Ya ƙwanƙwasa tagar Auta, ta leƙo, ya haɗa mata tata wayar da hannunsa. Ta kira goggonta, fuskar tsohuwa ta fito tar, har ana iya ƙirga gashin girarta. Auta ta ɗago ido ta dube shi, ta yi murmushi, sannan ta aika wa mai amalanke cewa ta fasa.

Murmushin nan shi ya ƙarasa shi.

Duk kan da ya zauna a kujerarsa ranar sai da ya sha labari. Da hantsi murfin yana jawo sabis daga ƙarfen bakin titi. Da rana ya koma jawowa daga garin gaba. Kafin yamma Injiniya yana cewa da ya ƙara tsawon gorar kaɗan, da sai ƙasashen waje sun yi ƙorafin nasu ya ragu. Mahauci, da ya leƙo yana goge hannu, ya ce shi abin da ya sani, askin da aka yi masa makon jiya har yanzu gefe ɗaya ya fi tsawo. Injiniya ya ce ba askin ba ne, kan ne a karkace.

Sai Mai Wanki ya zo karɓar alkawari, ya miƙo waya ya ce a faɗa masa lambar sirri.

Injiniya ya waiga ya dubi masu jiran aski a benci. Ya gaya wa duniya shi ya tsara na'urar da kansa, amma gaskiya mai shagon da ya sayar masa ne ya yi komai. Da mutumin ya tambaye shi abin da za a sa, shi kuma yana ganin babu mai ji har abada, sai ya sunkuyar da kai ya faɗi abin da ke ransa. Yanzu ya matsa kusa da kunnen Mai Wanki ya raɗa masa.

Mai Wanki dai bai iya raɗa ba. Ya tambaya, yadda har masu jiran aski a benci suka ji, "Auta tawa? A haɗe ake rubutawa ko a rabe?"

Kafin rana ta faɗi, babu wanda bai haddace ba. Matan aure suna faɗa wa juna ta kan katanga. Masu wucewa daga layin baya suna tsayawa a ƙofar shago su tambaya da ladabi ko har yanzu Autar tasa ce, ko an canza. Inna ta fito ta ga mutane jingine da bangonta, kowa na danna waya yana ƙunshe dariya, ta tambayi abin da ake rubutawa. Mai Wanki, da yake ba ya iya ganin tambaya ta zauna babu amsa, ya faɗa mata.

"Autar wa?" in ji Inna.

"Inna, haruffa ne kawai. Na'ura ce ta zaɓa."

"To ka ce wa na'urar ta zo ta same ni da manyanta."

A cikin ɗaki ƙarar keke ta tsaya na ɗan lokaci, sannan ta ci gaba da sauri fiye da ɗazu.

Ranar gwaji, tun kafin lokaci ya yi, ƙofar gidan Inna ta koma tasha. Wasu da kujerunsu suka zo. Wani yana sauke fim, wata tana kiran ƙanwarta ta nuna mata sabon labule, wani ya ce shekara guda wayarsa na roƙon a sabunta ta, yau Allah ya yi. Mahauci, wanda ya fi kowa musu, ya jingina wayarsa da ma'auni yana kallon ƙwallo. Injiniya ya sa farar riga mai cikakkun maɓallai yana zagayawa, yana karɓar gaisuwa.

Auta ta gyara zama a gaban keke, ta jingina waya da gwangwanin allurai, ta shimfiɗa yadin da ta yanka. Kira ya shigo. Wata mata mai tabarau, shugabar masu ɗinkin kamfanin, ta bayyana, ta buɗe baki za ta yi sallama, sai ta daskare a haka, baki buɗe, ido ɗaya a rufe. Ɗan zoben nan na jiran sabis ya fito a kan hancinta yana juyawa.

Auta ta kira Injiniya a hankali ta taga. Ya leƙa, ya ce wannan ba komai ba ne, sabis ne yake gyara zama. Ya fita ya juya gorar gabas. Matar ta motsa, ta ce rabin kalma, ta sake daskarewa. Ya juya yamma, kiran ya katse gaba ɗaya. A waje kuma aka fara gunaguni: fim ya tsaya, labule ya ƙi fita, ɗan wasan Mahauci ya ɗaga ƙafa zai buga ya ƙi saukewa.

Injiniya ya dubi sama ya ce girgijen can ne ya tare hanya. Da girgijen ya wuce, ya ce tsawo ne bai isa ba. Ya fizgo sandar goge ɗakin Inna, ya kafa tsani, ya hau rufin madafa don ya ƙara wa gorar tsayi. Taku biyu ya yi, ƙafarsa ta dama ta ɓurma tsohon kwano ta leƙa ciki, daidai saman tukunyar da ba ta da murfi. Takalminsa ya zame. Daga ƙasa aka ji wani ɗan sauti mai laushi, sannan muryar Inna tana tambaya, cikin natsuwar da ta fi ihu ban tsoro, ko wannan ma aikin al'umma ne.

Ya zare ƙafa ya sauko da takalmi ɗaya. Auta na tsaye a taga, waya a hannu. Matar ta aiko saƙo, da kyar ya shigo: za ta sake kira sau ɗaya, in bai yiwu ba za ta wuce ga na gaba. Auta ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ranar da ya gwada su biyu ne kawai a kai, yau kuwa duk unguwa ce. Ya roƙe su su sauka, ko ya canza lambar.

Canza lamba bai iya ba, faɗin hakan kuma a gabanta ya fi ƙarfinsa. Sai ya ce canzawa a tsakiyar aiki yakan rikita murfin. Ya fita ya tafa hannu, ya roƙi jama'a su ɗan kashe nasu. Kowa ya yarda da maganar, kowa kuma ya dubi na kusa da shi. Mai fim ya ce nasa saura kaɗan. Mai labule ta ce hoto ɗaya ba ya da nauyi. Mai sabunta waya ya ce in ya katse yanzu wayar mutuwa za ta yi, Injiniya zai ɗauki alhakinta? Mahauci ya ce ba shi ne jiya ya ce murfin zai ɗauki gari guda ba?

"Zai ɗauka," in ji Injiniya. "Ai ba a ƙure shi ba tukuna."

Ya sake hawa tsani, wannan karon ta jikin katanga. Ya rungumi gorar, ya kwance ɗaurin sama don ya ɗaga ta yadda ba a taɓa ɗagawa ba. Ta tashi, murfin ya kama iska, gorar ta yi tunani kaɗan, sannan ta zaɓi layi.

Ta tafi da igiyar shanya, igiyar ta tafi da fararen kayan mutane, Mai Wanki yana kallo suka kwanta ɗaya bayan ɗaya a cikin kwata. Robar taya ta tsinke. Ragar fanka ta yi gefe ta sauka a kan mai fim kamar hula. Murfin kuwa ya sauka a kan gefensa, ya gangara da ƙara ta tsakiyar jama'a, ya tsallake kwata, ya daki ƙafar teburin Mahauci. Teburin ya durƙusa. Nama, ma'auni da wayar mai ƙwallo suka bi fararen kaya.

Injiniya, daga kan katanga, ya ce wannan yana nuna ƙarfin da ke cikin abin.

Bai jira amsa ba. Ya dira ta ɗaya gefen ya zura da gudu, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu. Mahauci ya bi shi, Mai Wanki ya bi Mahauci da jiƙaƙƙen wando a hannu, sauran kuma suka rufa baya, wasu don haushi, wasu don kada a ba su labari. Inna ma ta taka har ƙarshen layi da ludayi. Cikin ƙiftawar ido ƙofar gidan ta zama wayam.

Injiniya ya ratsa ta bayan shagon mai walda, ya tsallake wata tsohuwar taya, ya kutsa tsakanin motocin da ke jiran wanki a bakin titi, ya faɗa ƙarƙashin wata babbar mota ya lafe. Yana jin ƙafafu suna wucewa. Yana jin Mahauci yana haki yana cewa a bar shi, ai dole ya dawo shagonsa, a koma gida a jira shi can. Injiniya ya sauke ajiyar zuciya.

Sai wayarsa ta yi motsi a aljihu, da yake bakin titi ne, sabis a cike. Auta ce. Ta rubuta cewa 'yar na'urar ta maƙale a indararon da ke saman tagarta, tana nan da ranta, kuma tun da suka watse ta zama tata ita kaɗai. Matar ta kira, ana ganin juna tar. A ƙarshe ta ƙara: "Kada ka bari su dawo sai na gama."

Ya karanta, ya leƙa ta tsakanin tayoyi. Ga su can sun juya, sun nufi layi, kowa da waya a hannu, kuma ya san wayoyin nan suna isa ƙofar gida za su haɗa kansu da kansu. Ya dubi ƙafarsa marar takalmi, ya dubi faɗin kafaɗar Mahauci. Ya yi addu'ar da ya iya, ya rarrafo waje, ya miƙe a tsakiyar hanya ya kira Mahauci da babbar murya. Da mutumin ya waiwayo, sai ya ce masa ya manta bai faɗa ba, ta baya ma kan nasa a karkace yake.

Irin gudun da aka yi a ranar, masu shagunan bakin titi sun daɗe suna ba da labarinsa. Injiniya ya zagaya gidan mai da su, ya shiga kasuwa ta wata ƙofa ya fita ta wata. Duk sanda ya ga sun fara sanyi sai ya rage gudu, ya waiwaya ya tambayi Mai Wanki ko kayan sun bushe. Bai san tsawon lokacin da wuyan riga yake ci ba, maɓalli kawai ya sani, don haka ya yi ta ƙarawa don kada a samu gibi. Sai da ƙafafunsa suka ƙi, ya zauna a gefen wani famfo ya miƙa wuya.

A lokacin babu mai sauran ƙarfin duka. Mahauci ya ɗaga hannu, ya ga ba zai kai ba, ya dafa kafaɗarsa kawai yana numfashi. Haka suka tasa shi gaba zuwa gida, ana yanke masa hukunci a hanya: zai wanke kayan kwata da hannunsa, zai gyara tebur, zai toshe rufin madafa, kuma zai yi wa Mahauci aski a gaban shaidu.

Suka zaunar da shi a bencin ƙofar shagonsa, farar riga ta koma kalar ƙasa. Inna na tsaye da lanƙwasasshen murfinta tana juya shi, ba ta ma san ta inda za ta fara ba. Sai Auta ta fito da kofin ruwa. Ta ratsa mutane ta miƙa masa, ya karɓa da hannu biyu.

Ta ce wa Inna, amma shi take kallo, sun ɗauke ta. Matar ta ce ba ta taɓa ganin wuyan riga ya zauna haka ba. Ƙarshen wata Auta za ta tafi can garin da kamfanin yake.

Mata suka hau yi wa Inna barka. Injiniya ya buɗe baki zai ce ai dama ya faɗa, sai maganar tafiyar ta iso masa, ya rufe. Ya zura wa ruwan kofin ido. Shi ya yi ta gudu da takalmi ɗaya, ashe nesa da kansa yake kai ta.

Auta ta sunkuya kamar za ta karɓi kofin, ta yi magana yadda shi kaɗai zai ji, in ban da Mai Wanki, wanda daga baya ya faɗa wa kowa.

"Kullum da yamma zan kira ka. Ka taka da ƙafarka zuwa bakin titi, ka tsaya, ka jira. Kada ka ɗaura komai a kan komai."